TIKITIN NAIRA DUBU GOMA: KUƊIN WA ZA KA KASHE?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa.



Shekaranjiya bayan sallar Isha'i wani matashi ya turo mini saƙo. Na nemi izininsa in kawo maganar nan ba tare da na ambaci sunansa ba, ya ce ya amince. Ga abin da ya rubuto:

"Allah gafarta Malam, ina da tambaya amma ina jin nauyi. Akwai wasan mawaƙa da za a yi da Sallah, abokaina duk sun sayi tikiti. Na talakawa dubu goma ne. Albashina dubu saba'in, ina aiki a shago. Wallahi Malam shekara guda ke nan ban huta ba, daga gida sai kasuwa. Shin idan na je na yi asarar kuɗi ne, ko kuwa ni ma ina da haƙƙin in ɗan ji daɗi?"

Na daɗe ina kallon saƙon nan kafin in ba shi amsa. Da na ga dama, kalma ɗaya zan rubuta masa in kashe waya in kwanta. Amma yaron nan bai ɓoye mini komai ba, ya gaji, kuma ya zaɓi ya tambayi malami alhali yana iya tafiyarsa ba wanda ya sani. Irin wannan ba a sallamarsa da tsawa.

HUKUNCIN KIƊA, A TAƘAICE

Na san da yawanku wannan kuke jira, to bari in fara sauke shi. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun tafi a kan haramcin kayan kiɗa, in ban da duffi a lokacin biki da Idi. Daga cikin hujjojinsu akwai hadisin da Bukhari ya kawo a kan mutanen da za su zo suna halatta kayan kiɗa. Ibnul Ƙayyim ya faɗaɗa magana a kan haka a cikin Igasatul Lahfan. A ɗaya ɓangaren, Ibnu Hazm, wanda ya rasu a shekara ta 456 bayan Hijira, ya soki wannan hadisi ya halatta, malaman hadisi irin su Ibnus Salah suka yi masa raddi. Imamul Gazali kuma ya ware babi guda a Ihya'u a kan sauraron waƙa, ya sassauta, amma da sharuɗɗa.

Ni abin da na karanta kuma na gamsu da shi shi ne maganar jamhuru. Kuma ko wanda ya sassauta bai sassauta a kan waƙar batsa ba, ko cakuɗuwar maza da mata ana rawa, ko taron da za a shiga kafin Magariba a fito bayan sha biyun dare ba a ji wanda ya ce a tashi a yi salla ba. Kowa ya san yadda yawancin waɗannan wasanni suke, ba sai na zana muku ba.

Na faɗa masa wannan a fili. Sannan na ce masa: ƙanena, tambayarka ta kuɗi ce, kuma tana da amsarta daban. Mu ɗauka wasan nan ba kiɗa a cikinsa ko kaɗan, mu ce wasan ƙwallo ne ko hawan dawaki da ake biyan kuɗin shiga. Tambayar tana nan daram. Don haka duk wanda yake bin fatawar sassauci kada ya rufe rubutun nan, maganar ta shafe shi.

MU YI LISSAFI

Na tambaye shi: da wace riga za ka je? Ya ce gaskiya sai ya sayi sabuwa, abokansa duk sun yi, riga da aski za su ci dubu goma sha biyu. Da me za ka je, da me za ka dawo? Ya ce adaidaita, kuma na dare ya fi tsada, a sa dubu huɗu. Za ka zauna awa biyar ba ka ci komai ba? Ya ce lemo da ɗan tsire a ciki, wajen dubu huɗu, don abin da ake sayarwa a waje ɗari biyar a ciki ya ninka. Liƙi fa? Ya turo alamar dariya, ya ce ko dubu biyar ce sai an yi, don kada a raina mutum.

To ku tara da kanku. 10,000 da 12,000 da 4,000 da 4,000 da 5,000, ya kama ₦35,000. Rabin albashinsa ke nan cif. Gumin kwana goma sha biyar, tun daga buɗe shago da safe har ɗauke kaya da yamma, a kan dare ɗaya.

Ya ce: "Malam, wallahi ni dubu goma nake gani."

Ai haka abin yake. Dubu goman kuɗin ƙofa ne kawai. Masu shirya irin wannan taro 'yan kasuwa ne, sun san lissafinsu. Sun kama wuri, sun ɗauko janareta da lasifika, sun biya mawaƙa da masu gadi, kuma riba suke nema. Shi ya sa ake raba kujeru gida-gida, na talakawa a baya, na manya a gaba, teburi kuma na masu ji da kansu, don wanda yake baya ya ji a ransa cewa baɗi sai ya matsa gaba. Su sun yi lissafi kafin su buga tikiti. Kai ne kaɗai za ka shigo ba lissafi.

Kuma ku tuna a wane lokaci muke. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da ₦200 ta haura ₦500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura ₦1,000 a wurare da dama. Kuɗin mota ya tashi, kwanon masara ya bi shi, magani ya bi su. A watan Yuli na 2024 aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na ₦70,000, kuma ku kun fi ni sanin yawan masu aiki a shaguna da makarantun kuɗi da ko wannan ba sa samu. Dubu talatin da biyar a yau, a gidan talaka, abinci ne na kwanaki.

Game da liƙi kuma, ko dokar ƙasa ba ta yarda da shi ba. Sashe na 21 na Dokar Babban Banki ta 2007 ya hana watsa Naira da tattaka ta a wurin biki, hukuncin ɗauri ne da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza ₦50,000 ba, ko duka biyun. A 2024 mun ga hukumar EFCC ta gurfanar da sanannun mutane a kan haka.

KUƊIN NAN NA WA NE?

Daga nan na yi masa tambayar da ta fi kowace muhimmanci: wa yake ci daga albashin nan naka?

Ya ɗan jima bai amsa ba. Sannan ya ce mahaifinsu ya rasu, shi ne babba a wurin Hajiyarsu. Tana da hawan jini, duk wata sai an sayi magani. Ƙannensa biyu suna makaranta. Mai shagon unguwarsu yana bin sa dubu tara na kayan shayi da omo. Kuma niyyarsa, in kuɗin ba su kai ba, ya ɗan ranto a manhajar bashi ta waya, ya biya ƙarshen wata.

'Yan uwa, kun ga inda maganar take. Alat yana shigowa da sunanka, amma tun kafin ya shigo an riga an raba shi. Akwai kason Hajiya a ciki, akwai na ƙanne, akwai na mai shago. Abin da ya rage bayan an fitar da waɗannan shi ne naka. Idan ka ɗauki dubu talatin da biyar ka kai ƙofar wasa, ka duba da kyau, kuɗin maganin Hajiya ne ka miƙa wa mai yanka tikiti.

Abu Dawuda ya rawaito hadisi mai ma'anar cewa tozartar da waɗanda mutum yake ciyarwa ya ishe shi zunubi. Muslim kuma ya rawaito cewa an jera dinare huɗu, wanda aka kashe a tafarkin Allah, da na 'yanta bawa, da na sadaka ga miskini, da wanda mutum ya ciyar da iyalinsa, sai aka ce na iyalin ya fi lada. To idan sadaka ma, da girmanta, tana bayan ciyar da iyali, ina matsayin tikiti?

Kuma Tirmizi ya rawaito cewa ranar Alƙiyama bawa ba zai gusa daga inda yake tsaye ba sai an tambaye shi abubuwa, daga ciki har da dukiyarsa, ta ina ya same ta, kuma a ina ya kashe ta. Mu yawanci tambayar farko muke tsoro. Muna cewa alhamdu lillah ban yi sata ba, gumina ne. Madalla, ka amsa rabi. Saura rabin.

ISRAFI BA SHI DA FARASHI ƊAYA

Wani zai ce: Malam, ai Alhaji wane yana kama teburin dubu ɗari biyar ba wanda ya ce masa komai, sai talaka da dubu gomansa?

Malamai sun bambance kalmomi biyu. Tabziri shi ne kashe dukiya a inda bai dace ba, ko da Naira ɗaya ce. Israfi kuma shi ne wuce iyaka a inda asalinsa ya halatta. A Suratul Isra'i, aya ta 26 da 27, Allah Ya hana tabziri, Ya kuma danganta masu yin sa da shaiɗanu. Abin lura, a cikin ayar ta 26 ɗin, kafin hanin, umarni aka yi da a ba makusanci haƙƙinsa, da miskini, da matafiyi. Kamar ana nuna mana cewa duk kuɗin da aka watsar, akwai mai haƙƙin da aka hana. Idan wasan ya ƙunshi saɓo, to Alhaji da talaka duk sun faɗa tabziri, kuma na Alhaji ya fi yawa.

Israfi kuwa gwargwadon aljihu yake. Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 7 ta nuna mai yalwa ya ciyar gwargwadon yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa kuma gwargwadon abin da aka ba shi. Dubu talatin da biyar a wurin wani kuɗin man mota ne na kwana biyu, a wurin ƙanen nan namu rabin wata ne. Daidai ruwa daidai tsaki. Musulunci bai ce ka ƙulle hannu ba. A Suratul Furƙan aya ta 67 an yabi bayin Allah da tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro, kuma kowa da inda tsakiyarsa take.

Imamus Shaɗibi, malamin Andalus ɗan mazhabar Malikiyya wanda ya rasu a 790 bayan Hijira, ya kasa maslahohin ɗan Adam gida uku a littafinsa Al-Muwafaƙat. Akwai larura, wadda idan babu ita rayuwa za ta lalace. Akwai buƙata, wadda idan babu ita za a sha wuya. Akwai kuma ƙawa, wadda take ƙara wa rayuwa daɗi. Ƙa'idar ita ce ba a rushe na sama don a gina na ƙasa. Ka ɗauki wannan ma'auni ka shiga da shi gidanku. Maganin hawan jini larura ne, don wanda ya daina shan sa yana iya faɗuwa da shanyewar ɓarin jiki. Kuɗin makarantar ƙanne da biyan mai shago buƙata ne. Nishaɗi, ko na halal tsantsa, yana gida na uku. Wannan karatun da muka yi a aji na usulul fiƙhi, wallahi ya fi amfani a gaban mai POS ranar da albashi ya shigo.

BASHI DON DARE ƊAYA

Maganar ranto kuɗi ita ta fi tayar mini da hankali. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma gaskiya ne, mutum yakan ci bashi don asibiti ko don abinci. Annabi (SAW) kansa ya rasu sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa. Amma ku dubi abin da ya ciyo bashin dominsa.

Bukhari ya rawaito daga Salamatu ɗan Akwa'u cewa an kawo wata gawa, Annabi (SAW) ya tambaya ko ana bin mamacin bashi, aka ce dinare uku, kuma bai bar abin biya ba. Sai ya ce sahabbai su sallaci ɗan uwansu, shi ya ja baya, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin bashin. Muslim kuma ya rawaito cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Mutumin da ya ba da ransa ke nan.

Sannan waɗannan manhajoji na waya, yawancinsu da ruwa suke ba da rance, riba ce ƙarara, kuma wa'adinsu gajere ne. Da yawanmu an taɓa turo mana saƙo daga lambar da ba mu sani ba, ana cewa wane ya ci bashi ya gudu, a yi masa magana. Ka je wasa don kada abokai biyar su raina ka, bayan sati biyu a tona maka asiri a wurin duk wanda lambarsa take wayarka, har da surukanka na gobe. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

ABIN DA KE ƘASAN MAGANAR

Na ce masa: ƙanena, tsakaninka da Allah, waƙar kake so ko kunyar abokai kake ji? Ya ce: "Malam, waƙoƙin duk akwai su a waya. Kawai dai gobe za su yi ta ɗora hotuna, ni ba ni a ciki."

Allah Ya saka masa da alheri da wannan gaskiya. Yawancinmu abin da muke saye ke nan, kada a ce ba mu je ba. Amma su waɗanda kake jin kunyar tasu, ranar 20 ga wata da maganin Hajiya zai ƙare, wa zai turo maka ko dubu ɗaya a cikinsu? Wataƙila ma rabinsu irin halinka suke ciki, kowa yana ɓoye wa ɗan uwansa, kowa yana jiran wani ya fara cewa ba ni da hali. Ka zama kai ne na farko. Faɗin "ba ni da halin wannan yanzu" ba ya rage wa namiji komai. Kayan aro ba ya rufe katara.

Kuma kada ku ɗauka ina magana ne daga sama. Lokacin ina ɗalibi a Alƙahira, aka buɗe baje kolin littattafai na shekara-shekara da ake yi a farkon shekara. Na shiga da kuɗin abincina na wata guda, na ga abokai suna ɗaukar manyan littattafai masu mujalladi goma-goma, ni ma na ɗauka, har na ranci ƙari a wurin wani ɗan uwa. Sati uku na yi ina cin gurasa da wake, ina kauce wa mai bin na bashi a hanyar masallaci. Littattafan addini ne fa, amma wallahi wasu har yau ban buɗe su ba. Abin da ya ja ni shi ne abin da yake jan wannan yaro, don a gan ni da su. Shaiɗan bai damu da ko tikiti ne ko littafi ba, in dai zai raba ka da lissafi.

AMMA HUTU HAƘƘINKA NE

Kada wani ya fahimci cewa talaka ba shi da rabo a farin ciki. Wannan ba addinin Annabi (SAW) ba ne. Ranar Idi, 'yan mata biyu suna waƙa a ɗakin Nana A'isha, Sayyidina Abubakar ya tsawata, Annabi (SAW) ya ce a ƙyale su, ranar Idi ce. Habashawa sun yi wasa da masu a cikin masallaci, ya tsaya ya kare ta da mayafinsa tana kallo har sai da ta gaji don kanta. Salmanul Farisi ya gaya wa Abud Darda'i cewa jikinsa da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa kamar yadda Ubangijinsa yake da shi, Annabi (SAW) ya gaskata Salmanu. Ka lura, duk wannan farin ciki ba wanda ya ci bashi a kansa.

Ga abin da na ba shi shawara, kuma nake ba duk mai irin halinsa:

1. Ranar da albashi ya shigo, fara fitar da na masu haƙƙi: magani, abinci, makaranta, bashi. Kada ka kwana da kuɗin mai shago a asusunka.

2. Ka ware wa kanka kason hutu, ko dubu biyu ko uku ne a wata, ka kashe shi a halal ba tare da jin ka yi laifi ba. Wanda bai ware wa kansa komai ba, shi ne wata rana yake fashewa ya kashe rabin albashi.

3. Duk abin da za ka biya don nishaɗi, ka mayar da shi kwanakin aiki. Ka tambayi kanka: na yarda in yi wa wannan abu aikin kwana nawa?

4. Kada ka ci bashi don nishaɗi, ko da ba ruwa a kai.

5. Ka ajiye wani abu, komai ƙanƙantarsa, ko ta adashe ne. Annabi Yusuf (AS) tanadin shekara bakwai ya tsara wa Masar, kuma ya tabbata a Bukhari cewa Annabinmu (SAW) yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara.

Da Sallah kuma, hawan Sallah kyauta ake kallo a Kano da Katsina da Zariya da sauran masarautu duk shekarar da aka yi shi. Ziyarar 'yan uwa ba ta da tikiti. Ku haɗa dubu bibbiyu ku biyar, ku sayi nama ku gasa a ƙofar gida, ku yi hira har dare. Ka sayo wa Hajiya tsire na dubu biyu ka zauna kusa da ita ta ci tana sa maka albarka, ka ga ko akwai mawaƙin da zai ba ka irin wannan.

Mu ma malamai da iyaye da masu hali akwai namu laifin. Mun iya cewa haramun, amma unguwa nawa ce take da filin ƙwallo mai kyau, ko wurin da matashi zai zauna ya huta ba a kore shi ba? Kuma ku iyayen gida masu shaguna, yaron da ya yi muku shekara ba hutun kwana ɗaya, ku ji tsoron Allah a kansa. Gajiya ce take kai da yawansu inda ba su yi niyya ba.

A ƙarshen hirarmu ya ce: "Malam, gobe in sha Allah zan fara kai wa mai shago dubu taransa." Na ce masa Allah Ya yi maka albarka, ka gaida Hajiya.

Allah Ya yalwata mana arziƙinmu na halal, Ya sa mana albarka a cikin kaɗan ɗin da muke samu, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya shirya mana matasanmu. Wanda ya ga kuskure a maganata ya gyara mini cikin ladabi, wanda ya ga amfani ya tura wa ɗan uwansa.

Wallahu A'alam.